Wanda Ya Sha Ruwa a Jirgin Sama Rana Ba Ta Faɗi Ba

Tambaya: Allah gafarta Malam, mazaunin Dubai ne ni. Na tashi da azumin Ramadan, jirginmu ya ɗaga zuwa Landan bayan azahar. Da agogona ya nuna magaribar Dubai sai na sha ruwa, ko da yake ina hango rana ta taga, domin wani abokin tafiya ya ce lokacin garin da na ɗauki azumi zan bi. Mene ne hukuncina?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya yi maka albarka. Amsarka tana cikin cewarka kana hango rana ta taga, domin mai azumi yana shan ruwa ne da faɗuwar rana a inda yake. Saboda haka ramuwar wannan yini ta hau kanka, amma babu kaffara, tunda ba keta alfarmar wata ka nufa ba, tawili ka yi, wato ka ɗauka cewa hakan ya halatta.

Maganar abokin tafiyarka kuwa tana yawo a bakin mutane, kuma ba ta da madafa. Tsakanin Dubai da Landan kimanin kilomita 5,500 ne, tafiyar awa 7 da 'yan kai, kuma yamma jirgin ya nufa, wato bayan rana yake bi, shi ya sa yininku ya yi tsawo. A lokacin hunturu Dubai tana gaban Landan da awa 4. Lokacin da ladanin Dubai ya kira magariba, kai ka yi masa nisan dubban kilomita, to da wace hujja kiransa zai buɗe maka baki? Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da hadisin dogayen kwanakin Dujal, inda aka yi umarni da ƙaddara lokaci, wato a kintata lokutan sallah, sai dai malamai sun yi aiki da shi ne a wuraren da rana kan kwashe kwanaki ba ta faɗi ba, kai kuwa taka ta faɗi a wannan yinin. Da a ce gabas ka nufa, rana ta faɗi maka awa 3 kafin ta faɗi a Dubai, shin za su ce ka zauna cikin duhu kana jiran agogo? Ko garin da kuke ratsawa ta samansa ba abin dogaro ba ne, saboda wanda yake sama da kilomita 10 yana ganin rana bayan ta ɓace wa na ƙasa. Amma wanda ya sha ruwa a filin jirgi bayan faɗuwar rana, sannan jirgi ya ɗaga ya sake ganinta, azuminsa ya cika.

Ta ɓangaren sallah kuwa, kasaru ta halatta maka, gudun jirgi ba ya ɗauke rangwame. Ina dai fargabar cewa a wannan lissafin ka sallaci magariba ma. Idan haka ne ka sake ta, domin ka yi ta kafin lokacinta.

Nan gaba, idan tafiya irin wannan ta kama a Ramadan, ka nemi jirgin dare, ko wanda zai sa ka bar gari kafin alfijir, domin a mazhabar Imam Malik wanda ya fara tafiyarsa kafin alfijir ne yake da damar ajiye azumi ya rama. Abokin naka kuma, idan kana da lambarsa, ka sanar da shi cikin lalama, don da alama shi ma akwai ramuwa a kansa. Wallahu a'alam.