Yaya, ga bayanin masu son libarba da ka tambaya

Salam Yaya, da fatan an wuni lafiya, ya Hajiya da yara, ya kasuwa. Naga tambayarka, wai da gaske ne kowa a Texas da bindiga yake yawo a ƙugu, kuma me zai sa mutum da hankalinsa ya zuba dubban daloli a kan ƙaramar bindiga guda mai cin harsashi shida alhali ba yaƙi zai tafi ba, sannan wai mu Hausawan nan mun shiga wannan harkar ko kuwa. Toh bari in warware maka yadda na fahimce ta a zaman da nayi da mutanen.

Na farko dai ba kowa bane. Kusan mutum ɗaya cikin uku na manya a Amurka ne ke da bindiga, a nan Texas kam sun fi haka yawa, kuma tun 1 ga Satumba 2021 wanda ya kai shekara 21 kuma bashi da laifin da ya hana shi yana iya ɗaukar ƙaramar bindiga ba sai da lasisi ba. Amma zaka yi wata guda a Houston kana zuwa aiki kana zuwa kasuwa baka ga ko ɗaya da idonka ba sai a jikin ɗan sanda, don yawanci a ɓoye take.

Su kuma waɗanda kake tambaya a kansu, masu libarba, wato mai silindar nan da ke juyawa, wani jinsi ne daban a cikin masu bindigar ma. Mai neman abin kare kai kawai fistol ɗin Glock yake saye, jikinta na roba ne, tafi arha, tana cin harsashi 15 ko 17, shi yasa 'yan sandan Amurka suka ajiye libarba tun a shekarun 1980 zuwa 1990. Kaga kenan wanda ya nace wa mai shida a yau ba yawan harsashi yake bi ba. Yawancinsu dattawa ne, tsofaffin 'yan sanda, manoma, makanikai, injiniyoyi da suka yi ritaya, mutanen da suke son ƙarfen da hannun mutum ya goge. Akwai wani dattijo da muka yi aiki tare, bature, shine ya fara kaini filin harbi, idan ya ɗauko tasa sai ya buɗe silinda ya nuna maka babu harsashi, sannan ya ja hamar, wato ɗan ƙarfen baya da ke bugun harsashi, a hankali yace in saurari ƙarar da take yi, wallahi kamar mai sauraron waƙa. Ni a lokacin ƙas ƙas kawai nake ji.

Kuma a Texas abin ya haɗu da tarihi. Samuel Colt, mai kamfanin Colt, ya yi rajistar ƙirar libarbarsa a 1836 amma kasuwa ta ƙi shi har kamfanin ya rushe, dakarun Texas Rangers ne suka ɗauki bindigar suka yi faɗa da ita da ƙabilar Comanche, 'yan asalin ƙasar, a 1844, daga nan ɗaya daga cikinsu Samuel Walker ya haɗa kai da Colt suka fito da wata ƙatuwa a 1847, guda 1,100 kacal aka ƙera. Sai kuma Colt ta 1873 wadda kake gani a hannun kaboyi. To ɗan Texas in ya riƙe libarba gani yake kayan kakanninsa ne, duk da dai in ka tambayi jikokin Comanche labarin ba haka zasu baka shi ba.

Yanzu ga inda hirar take daɗi. Ka zauna da su ka ce kowa ya faɗi bindigar da yake buri, sai dare yayi ba a gama ba, kuma abin mamaki kusan kowa baya yake son komawa. Masu Smith & Wesson babban haushinsu wani ɗan rami ne a gefen bindigar, na makulli, da kamfanin ya fara sakawa tun 2001, sun tsani ramin nan kamar me, wasu suna cewa makullin yana iya kulle kansa in harsashi mai ƙarfi ya girgiza bindigar, wasu kuma kawai muni yake musu da kuma siyasar da ta kawo shi a zamanin shugaba Clinton. Sai kaji mutum yace shi tasa sai wadda aka yi kafin 1982, lokacin da ake soka ɗan ƙusa a gindin bututun kuma ana yi wa gindin harsashi gurbi a cikin silinda. Wannan ƙusar bata ƙara wa harbi komai ba fa, kowa ya sani, amma alama ce ta zamanin da ma'aikaci ke zama ya daidaita kowane ƙarfe da hannu, to ita suke biya.

Masu Colt kuma Python ce sarauniyarsu. An fara ta a 1955, ana goge ƙarfen har sai ya zama kamar madubi kafin a rina shi shuɗi mai duhu, suna ce masa Royal Blue. Da aka daina ƙera ta a 2005 sai kuɗin tsofaffin ya haukace, dala dubu uku dubu huɗu har sama. A 2020 kamfanin ya dawo da ita a kan dala 1,499, kuma gaskiya sabuwar tafi ƙwari, amma je ka faɗi haka a gaban mai tsohuwa ka ga yadda zai kalle ka. Akwai kuma 'yan ƙwalisa da suke cewa duk Amurka ba a iya ba, su sai Manurhin MR73 ta Faransa wadda jandarmomin GIGN, rundunarsu ta musamman, suka yi suna da ita, ko Korth ta Jamus, waɗannan kuwa in baka riƙe sama da dala 3,000 ba kar ma ka tambaya.

Amma ainihin masu cutar sune masu kai wa maƙeri. Mutum zai sayi bindiga sabuwa fil, lafiyarta ƙalau, ya tura ta wani ƙauye a Tennessee ko Wyoming ya jira shekara ɗaya ko biyu, ya biya ninkin kuɗin da ya saye ta. Mafi sauƙin aikin shine gyaran kunama, a goge ƙarafan ciki yadda jan zai zo sumul ba tsalle ba ƙaiƙayi, don daga kamfani nauyin jan yakan kai fam 12, maƙeri ya sauke shi zuwa 8 ko 9 ba tare da bindigar ta fara ƙin tashi ba, nan gwanintar take. Daga nan sai tsawon baki, wani inci 3 wani 4 wani 5, kuma ana musu a kan inci ɗayan nan har rai ya ɓaci. Sai saitin gaba, dattawan da ido ya fara rauni suna son a dasa ɗan ɗigon zinare don ya kama haske. Sai ƙota, itacen goro irin nasu da ake kira walnut musamman na Turkiyya mai zane a jiki, ko ƙahon barewar Indiya, da can hauren giwa ne ƙarshen buri amma tun 2016 gwamnatin tarayya ta kusa rufe cinikinsa gaba ɗaya. Wasu har zana tafin hannunsu suke a takarda su aika wa mai sassaƙa ya yi daidai hannun. Akwai masu son a ƙona ƙarfen cikin gawayi da ƙashi ya fito da launi shuɗi da ruwan toka da ja-ja kamar gajimare, kamfanin Turnbull a jihar New York ya shahara da wannan.

Duk wannan al'adar uba gare ta, Elmer Keith, wani makiyayin shanu na Idaho. A 1929 ya bayyana wata bindiga da yasa aka haɗa masa daga sassan Colt iri biyu, ya kira ta lamba 5, har gobe maƙera suna kwaikwayonta wa masu oda. Shi ɗin dai yana cikin waɗanda suka matsa har aka fito da harsashin .357 Magnum a 1935 da .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950. Bayansa aka samu irin su John Linebaugh na Cody a Wyoming, maƙerin da yake ɗaukar libarbar kamfanin Ruger ya cire silinda mai shida ya ƙera mai biyar, dalili kuwa in ramukan sun ragu bangon da ke tsakaninsu yana ƙara kauri, sai ta iya ɗaukar harsashi mai faɗin rabin inci, haka .500 Linebaugh ta fito a 1986. Hamilton Bowen, wani maƙerin a Tennessee, shima sunansa baya ɓata a bakinsu. Uzurin masu irin waɗannan manyan wai dabbar beyar ce a dajin Alaska da Wyoming, nan Texas kuma aladun daji da suka haura miliyan biyu suna ɓarna a gonaki har jiha ta ce tun 2019 ba sai da lasisin farauta ba in mai gona ya yarda. Amma tsakani da Allah rabin masu su basu taɓa ganin beyar ba sai a gidan zu, takarda suke harbi ranar Asabar su dawo gida da ciwon wuyan hannu suna murna.

Wadda zata fi baka dariya ita ce bindigar gashin nama. Da gaske haka suke ce mata. Ita ba ta aiki bace, ta ado ce, an zane ta tun daga baki har gindi da furanni, wani lokaci da zinare ko azurfa, ga kube na fata da aka yi wa aiki, sai ranar biki ko babban taron cin gasasshen nama ake ɗaura ta, tsofaffin Rangers da shugabannin 'yan sandan ƙauye sun fi yi. Ka tuna yadda mai doki yake tara kuɗi shekara guda saboda kayan hawan sallah, sirdi da linzami da jalala, dokin da ba yaƙi zai je ba, to zuciyar ɗaya ce.

Mu kuma Hausawan nan gaskiya a bakin ganga muke. Mafi yawanmu basu da ita kuma basa so, mutum ya baro gida da labarin 'yan bindiga a kunnensa, wani an taɓa ɗauke masa ɗan'uwa, kace masa bindiga abin sha'awa ce sai ya ga kamar ka zautu. Matanmu kuwa sun fi mu tsanani, akwai gidajen da in aka san da bindiga a ciki ba a barin yara su je kwana, kuma ni ban ga laifinsu ba, don a 2021 kaɗai mutum sama da 48,000 bindiga ta kashe a ƙasar nan, fiye da rabi kuma su suka kashe kansu. Wannan lissafin masu libarba basa son a tayar da shi a hira, sai su ce ai ba irin tasu ake ɓarna da ita ba, nikam nace harsashi bai san wannan ba.

'Yan kaɗan da suka mallaka a cikinmu yawanci bayan an ƙona masallacin garin Victoria nan Texas a 2017 da kuma kisan masallatan New Zealand a 2019 ne suka fara tunani, masallatai da yawa suka ɗauki masu gadi ranar Juma'a da tarawihi. Kuma ba a faɗa, ba a hoto da ita, tana cikin akwatin ƙarfe a kulle, in ka ji wani yana da ita to a bakin wani ka ji. Saye ma ba kamar sayen burodi bane, a shago sai ka cike fom 4473 an bincika sunanka a rumbun FBI, mai katin zama na dindindin yana iya saye, ɗalibi ko mai bizar ziyara a ƙa'ida an hana shi sai da wasu 'yan togaciya, kuma ka saya wa wani da sunanka laifi ne na gidan yari. Ƙarya ɗaya a fom ɗin nan tana iya cinye maka takardun zama gaba ɗaya, shi yasa muke ja wa sabbin zuwa kunne.

Wanda kuma sha'awar libarbar ta kama a cikinmu sai ya shigo da nasa tambayoyin da bature bai taɓa ji ba. Ana yi wa wasu kuben shafi da fatar alade daga ciki don laushi, to dole ka tambaya kafin ka saya, mai shago ya tsaya yana kallonka. Maganar zinare ma an taɓa kwana ana yinta bayan isha'i, wani yace namiji da zinare ina, wani ya kawo abin da muka karanta a zaure cewa azurfa a zobe da takobi da Alƙur'ani ba laifi, to shin bindiga takobin zamani ce ko kuwa hukuncin wuƙa da linzami zata bi, aka tashi ba a daidaita ba, liman yace shi dai a bar ɗigon zinaren a sa na tagulla a huta.

Ni in ka tambaye ni tawa, Smith & Wesson Model 19 ce, inci 4, ta kafin 1982, shuɗiya, ƙotar walnut ba zane ba komai, a ɗan gyara kunamar shikenan. Wani jami'in tsaron iyaka Bill Jordan ne ya ba kamfanin shawarar ta aka fito da ita a 1955, bata da nauyin Python kuma bata da tsadarta. Maman yara ta ce ranar da ta shigo gidan ita zata fita, don haka a filin harbi nake hayar irinta in biya kuɗin awa in mayar musu abarsu.

Batun da ka sako a ƙarshe cikin wasa kuma, wai in taho maka da ɗaya, Yaya ko a waya kar ka sake faɗa. A dokar makamai ta Najeriya ta 1959 libarba da fistol suna jerin haramtattu ne, lasisinsu sai shugaban ƙasa, ba kamar ta farauta mai baki biyu ko ta toka ba, nan ma fitar da ita ba izini laifin tarayya ne, an ɗaure 'yan Najeriya a kan ɓoye bindigogi cikin motocin da ake turawa Legas. Takalmin da turaren dai suna nan, zan bayar a kawo in an samu mai tahowa. A gaida Hajiya.