Ɗana ya fara in'ina, har yana runtse ido

Assalamu alaikum Anti,

Ɗana ya kusa cika shekara huɗu. A da surutu gare shi kamar me, amma tun bara magana ta fara sarƙe masa. Da farko maimaitawa yake yi, "Ma-ma-mama, ba-ba-ba ni ruwa." Yanzu kuwa kalmar ce ke maƙalewa gaba ɗaya, ya buɗe baki babu sauti, ya runtse ido, haɓarsa na rawa, wani lokacin har da buga ƙafa. Babansa kan ce ya nutsu ya sake faɗa, shi kuma sai ya ce "na fasa". Wannan "na fasa" ɗin ce ke hana ni barci. Ƙanena ma mai in'ina ne. Ana ta ce mini in ƙyale shi, zai daina. Yaya zan yi?

Uwa mai damuwa

Wa'alaikumus salam 'yar'uwata,

Masu cewa zai daina suna da hujja. In'ina takan fara tsakanin shekara 2 da 5, kuma kusan yara 3 cikin 4 sukan rabu da ita da kansu. Amma ni ba zan ce ki jira ba. Namiji ne, ta fi daɗewa ga maza. Akwai ta a danginku, ita kuwa tana bin jini. Ga shi ta haura wata 6. Runtse idon da buga ƙafar nan kokawa yake yi da kalmar, alamar ya fara jin abin a ransa.

Ki kai shi wurin likitan yara, ki nemi a haɗa ku da masanin gyaran magana, don an fi dacewa idan aka fara da ƙuruciya. Ki ɗauki bidiyonsa a waya ki tafi da shi, saboda in'ina zuwa take tana tafiya, yana iya zama gaban likita ya yi magana tar.

Sai batun maigida. Ki lallaɓa shi, don da kyakkyawar niyya yake yi, amma "nutsu" da "sake faɗa" ƙara ɗaure harshen yaron suke yi. Kada ku ƙarasa masa kalma, kada ku kau da kai idan ta maƙale. Ku jira ya gama, ku amsa abin da ya faɗa. Ku da kanku ku rage saurin magana, kuma kada ku bari wani yaro ya kwaikwaye shi. Idan ya ce ya fasa, ki durƙusa daidai tsayinsa ki ce, "Ina jin ka, faɗa mini."

Ba ke kika jawo masa ba, kuma in'ina ba ta taɓa basirar yaro.

Anti