Ba Mu Ga Sunan Kakan Kakanmu a Rajistar Coci Ba, Ina Muka Dosa?

Tambaya: Ina zaune a birnin Gilasgo na Sukotland, matata 'yar Sukotland ce. Muna haɗa wa 'ya'yanmu salsalar dangin uwarsu. An ce kakan kakanta an haife shi wajen 1846 a wani ƙauye na arewa, iyayensa kuma mabiya cocin Firesbiteriyan ne. Mun duba rajistar baftisma a ScotlandsPeople, shafin intanet na gwamnati mai ɗauke da tsofaffin rajistocin Sukotland, ko alamarsa babu. Ko labarin da aka ba mu ne ba daidai ba?

Amsa: Malam, kada ka yi saurin ƙaryata tsofaffi. Shekarar da ka ambata ita ce ta fara ba ni haske.

A ranar 18 ga Mayu, 1843, Cocin Sukotland, babbar cocin Firesbiteriyan ta ƙasar, ta dare gida biyu. Fastoci fiye da 450, ƙarƙashin jagorancin Thomas Chalmers, suka fice daga babban taron cocin a Edinbara suka kafa wadda ake kira Free Church. Abin da ya raba su shi ne wa ke da ikon naɗa wa ikilisiya fasto: mai filayen yankin ko masu ibada. A yankin tsaunukan arewa, in dai nan ne ƙauyen da ka ambata yake, galibin jama'a sabuwar cocin suka bi. To yaron da aka haifa a 1846 a irin wannan wuri, da wuya fasto na tsohuwar coci ya yi masa baftisma. Koma shafin, ka bar rajistar Cocin Sukotland, ka shiga sashen sauran majami'u.

Amma da ni ne, ba daga nan zan fara ba. Gwamnati ta soma rajistar haihuwa da aure da mutuwa ranar 1 ga Janairu, 1855. Idan mutumin ya yi aure ko ya rasu a Sukotland bayan wannan rana, takardarsa za ta nuna sunan ubansa da na uwarsa, har da sunan gidan su uwar kafin ta yi aure. Sai ka haɗa da ƙidayar jama'a ta 1851, inda za ka same shi yana ɗan shekara biyar, an kuma rubuta gundumar da aka haife shi. Da waɗannan biyu a hannu, ka san wa kake nema. In babu su, za ka tarar da masu suna ɗaya biyar a ƙauye ɗaya, domin al'adarsu ce ɗan fari ya ci sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, kusan yadda mu ma muke mai da sunan iyaye.

Taskar da mutane ke tsallakewa ita ce kundin majalisar dattawan ikilisiya, wadda suke kira kirk session. Fasto da dattawa ne ke zama, akwai magatakarda, kuma ba abin da ba su sa wa ido. Mace ta yi ciki ba aure, a kira ta a tambaye ta uban, a rubuta sunansa da amsar da ya bayar. Wanda aka gani yana aiki ranar Lahadi, ko ya yi tatul da giya, yana ciki. Kafin dokar matalauta ta 1845, su ne ke raba tallafi, don haka gwauruwa da marayunta suna nan da sunayensu da abin da aka ba su. Wanda na fi so shi ne lissafin kuɗin hayar baƙin mayafin da ake lulluɓa wa akwatin gawa. Ikilisiyoyi da yawa ba su riƙe rajistar mutuwa ba, sai ka ga wannan layi guda na ma'aji shi kaɗai ne shaidar cewa wane ya rasu a wata kaza.

Galibin asalin kundayen suna Hukumar Adana Tarihi ta Sukotland a Edinbara, na tsohuwar coci ƙarƙashin lamba CH2, na waɗanda suka ɓalle CH3. Da yawansu an ɗora hotunansu a ScotlandsPeople, dubawa kyauta ne. Sai dai ba a jera sunayen cikinsu ba, shafi-shafi za ka bi, sai ka tanadi haƙuri da shayi.

In Allah ya sa kun haura zuwa ƙarni na 18, ku sani daga 1783 zuwa 1794 an sa harajin taro, wato kwabo uku, a kan kowane suna da aka shigar a rajista, wasu iyaye kuwa suka ƙi biya. Sannan kada ka riƙe rubutun suna guda: magatakarda yadda ya ji yake rubutawa, yau Mac, gobe Mc, jibi M da ɗan waƙafi a sama. Gwada duka ukun.