Ko talaka zai iya samun yaƙini kan ra'ayinsa na siyasa?

Malam, yaƙini yana samuwa a wani sashe kawai. Ɗauki batun tallafin man fetur. Abin da ya faru yana tabbatuwa: a Janairun 2012 Jonathan ya cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, zanga-zanga ta sauko da ita 97. Amma cewa kuɗin da aka rage zai tafi asibitoci hasashe ne. Rubuta abin da zai ƙaryata shi, ka duba kasafin jiharka bayan shekara. Wa ya kamata ya sha wahalar, wannan hukuncin adalci ne, lissafi ba ya yanke shi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar hasashe tabbas, don kawai abokan hirarku a majalisa sun yarda.