Tambaya da Amsa: Masaƙar da babanmu ya yi aiki, za a iya hana rushe ta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Agege ce, nan aka haife ni amma iyayenmu 'yan Funtuwa ne. Marigayi babanmu ya yi shekara 20 da ɗoriya yana aiki a wata masaƙa ta wajen Ikeja, har yau in na wuce a danfo sai na leƙa ginin, rabi ya zama sito rabi ciyawa ta cinye, amma rufin nan mai kama da haƙoran zarto yana nan. Yanzu ana ta raɗe-raɗin wai za a rushe a yi gidajen haya. Yayana ya ce in daina damun kaina ai kango ne kawai. Malam irin wannan ginin yana shiga kayan tarihi kuwa? Akwai dokar da za ta hana?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya jiƙan baba ya sa ya huta. Ki gaida yayan naki amma ki ce masa ban yarda da maganarsa ba.

Wannan rufin da kike gani ba ado bane. Mai saƙa yana buƙatar haske sosai don ya hango zare ɗaya in ya tsinke cikin dubbai, amma in rana ta dallo kai tsaye sai ta kashe ido kuma ta ƙara zafi, shi yasa a Ingila suka ƙirƙiro rufin zarto, gefe ɗaya a kwance a rufe, ɗayan a tsaye da gilashi yana kallon arewa, haske na shigowa ko'ina ba tare da ƙyallin rana ba. Haka komai na ginin yake, kowane abu da dalilinsa. Tankin ruwan nan na sama saboda gobara ne don ƙurar auduga kamar fetur take da wuta, ɗakin kaɗi kuma sai da danshi in ba haka ba zare ya yi ta tsinkewa, bututun hayaƙi na tukunyar tururi ne. Toh kin ga wanda ya iya karanta ginin zai gane yadda babanki ya yini a tsaye, ta ina auduga ke shiga ta ina yadi ke fita. Ni a wurina wannan shi ne tarihi, ba sai fadar sarki kaɗai ba.

Kuma tarihin namu ne wallahi. Audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi da can gurzawa ake a loda a jirgin ƙasa zuwa tashar ruwan Legas a kai wa masaƙun Turawa, sai a 1957 aka buɗe Kaduna Textiles a Kakuri zamanin Sardauna da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila, daga nan masaƙu suka yi ta tashi a Kaduna da Kano da nan Ikeja da Isolo da Ikorodu. Kasuwar Aswani ta Isolo ma ai sunan masaƙa ta gada. Yau je ki duba nawa suka rage suna aiki.

Maganar doka, akwai. Hukumar gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa wadda aka kafa a 1979 ita ke da hurumin neman a ayyana gini a matsayin kayan tarihin ƙasa, kuma suna nan a gidan tarihi na Onikan. Jihar Legas ma ta yi tata dokar ta kare wuraren tarihi a 2011. Amma ba zan ɓoye miki ba, takarda kaɗai ba ta tare katafila. Gidan Ilojo Bar da ke kusa da dandalin Tinubu tun 1956 aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa, amma ranar 11 ga Satumba 2016, jajibirin babbar sallah, aka wayi gari ana rushe shi, kuma har yau abin yana min ciwo in na bi ta wurin. In wanda ke da rajista haka ta same shi ina ga masaƙar da babu wanda ya taɓa rubuta sunanta, ga fili a Ikeja ya fi zinare tsada.

Abin da na lura yana ceton irin waɗannan gine-gine shi ne a samo musu aikin yi. Masaƙar Cromford ta Ingila da Richard Arkwright, Baturen da ya yi fice wajen kaɗin auduga da inji, ya gina a 1771 tana nan tsaye, UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihin duniya a 2001, a New Lanark ta Sukotlan ɗaya daga cikin masaƙun otal ce yanzu, a Manchesta kuwa tsofaffin masaƙu da yawa gidajen zama aka mayar da su, bango da ginshiƙai suna nan mutane na ciki. Ko nan gida, Jaekel House da ke harabar reluwe ta Ebute Metta ginin 1898 ne, ƙungiyar Legacy ta gyara shi ya zama ƙaramin gidan tarihi. Don haka in za ku yi magana kada ku tsaya a "kar a taɓa", mai fili ba zai saurara ba, ku ce a bar ɗakin saƙa da tanki da ƙofar shiga a yi kasuwa ko wurin koyon ɗinki a ciki.

Ki fara da abin da ke hannunki tun kafin a wayi gari. Ki nemo abokan aikin baba da suka rage a Agege da Mile 12, ki ɗauki muryarsu a waya, ki tattara katin aikinsa da hotuna da ko ƙyallen atamfar kamfanin in umma ta ajiye, sannan ku rubuta wa Onikan da ma'aikatar al'adu ta jiha da sa hannun mutane da yawa, a haɗa da Yarbawa da Inyamuran da suka yi aiki tare, a kuma sanar da Sarkin Hausawa. Hoto kuma ki nemi izinin masu gadi tukuna, kada ki taɓa fasasshen rufin, da yawan na wancan lokacin asbesto ne kuma ƙurarsa tana lalata huhu.