Tambaya da Amsa: Ina Matsayin Addini a Shirin The X-Files?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni da yayana mun daɗe muna gardama a kan shirin nan na Amurka mai dogon zango, The X-Files. Shi ya ce shiri ne na waɗanda ba ruwansu da Allah, tunda kullum zancen halittun wasu duniyoyi ake yi, ni kuwa na lura matar da ke ciki ba ta rabuwa da sarƙa mai gicciye a wuyanta. Don Allah a raba mana gardama. Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malama, idonki ya gano abin da na yayanki ya tsallake, domin sarƙar nan ba don ado aka rataya ta ba.

Chris Carter ne ya ƙirƙiro shirin, tashar Fox ta fara nuna shi a watan Satumban 1993, ya yi zango tara zuwa 2002, sannan aka dawo da shi a 2016 da 2018, jimilla kashi 218. Jami'an hukumar FBI biyu ne ginshiƙinsa. Fox Mulder ya yarda da halittun sama, yana ganin su suka ɗauke ƙanwarsa da ta ɓace yana ɗan shekara 12, ita kuwa Dana Scully likita ce wadda ba ta karɓar magana sai da hujjar kimiyya, kuma 'yar ɗariƙar Katolika ce da mahaifiyarta ta ba wa wannan sarƙa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne duk lokacin da maganar addini ta taso, sai su yi musayar matsayi: Scully ta zama mai gaskatawa, Mulder kuma, wanda ko inuwa ya gani a sama zai ce jirgin baƙi ne, ya koma mai taurin kai.

Kashin da ya fi fito da wannan shi ne "Revelations" na zango na uku, a 1995. Wani yaro ne jini ke fita daga tafukan hannunsa, a wuraren da Kiristoci suka yi imani an buga wa Yesu ƙusa, ga kuma wani mutum yana farautarsa. Da aka kashe mutumin da ke kare yaron, Scully ta shiga binciken gawarsa, sai ta tarar ba ta fara ruɓewa ba, kuma ƙamshin furanni ne ke tashi daga gawar. Ta gaya wa Mulder cewa an koya musu tun suna yara cewa haka gawar waliyyai take, shi kuwa ya yi watsi da zancen. A ƙarshe ta je wurin fada, wato limamin Katolika, a coci, ta bayyana fargabarta cewa wataƙila Allah yana magana amma babu mai saurare. Marubucin da ba ruwansa da addini ba zai ɓata lokacinsa a kan irin wannan ba. A "All Souls" na 1998 ma an sake zaunar da ita gaban fada, tana ba da labarin wasu 'yan mata huɗu da ake dangantawa da mala'iku.

Sai dai yayanki ma yana da abin kamawa, ko da ba ta inda ya nufa ba. Kiristanci ne kaɗai shirin ya kalla daga ciki, sauran addinai kuwa yawanci aron kayansu yake yi don ya ba da tsoro ko dariya. A "Kaddish" na 1997 an ɗauko tatsuniyar Yahudawa ta mutumin da aka gina da laka ya tashi ɗaukar fansa a Brooklyn, kuma nan an ɗan yi adalci. Amma a "Je Souhaite" na 2000, aljana ce aka samu a naɗe cikin darduma tana cika buri uku, kuma labarin ya ce asalinta mutum ce, Bafaransa, wadda ta roƙi iko da tsawon rai. Wannan aljanar tatsuniya ce, ba ta da haɗi da aljanun da muka sani halitta ce daban da aka yi daga wuta. Kashin yana da daɗin kallo duk da haka: Mulder ya roƙi zaman lafiya a duniya, sai ya fito titi ya tarar babu ɗan Adam ko ɗaya.

Inda abin ya fi muni a ganina shi ne "Babylon" na 2016, wanda aka buɗe da saurayi Musulmi yana salla, jim kaɗan kuma shi da abokinsa suka tayar da bam a wani gidan nuna zane-zane a Texas. Masu sharhi da dama sun soki kashin da cewa ya ƙara cusa ƙyamar Musulmi, kuma fitowar mahaifiyar saurayin a gefen gadonsa na asibiti ba ta wanke wannan ba.

Batun halaccin kallonsa kuwa, wannan fagen malamai ne. Idan za ku sake zama ke da yayanki, ku fara da "Revelations".