Hukuncin sallar matafiyi da motar haya a Norway, inda rana ba ta faɗuwa

TAMBAYA: Slm malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina karatu a Jamus, ni da iyalina muna so mu je hutu Norway a watan Yuni, mu ɗauki hayar mota daga Oslo in tuƙa da kaina har Lofoten da Tromso, kamar sati biyu. An ce can rana ba ta faɗuwa. Dan Allah ya za mu yi da salla, kuma tunda yawon buɗe ido ne kasaru ta halatta mana?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa Allah ya kai ku lafiya. Tafiyar ganin ƙasa da halittun Allah halal ce muddin ba saɓo aka je yi ba, don haka kasaru ta tabbata a kanku. Malamanmu na Malikiyya sun ƙi kasaru ga mai tafiyar wasa zalla kamar farautar nishaɗi, amma mutum da iyalinsa su fita su huta su ga ikon Allah bai shiga wannan ba a abin da na fahimta. Nisan kasaru da Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta faɗa mil 48 ne, wajen kilomita 80, ku kuwa daga Oslo zuwa Tromso kun haura kilomita 1,500. Azahar da la'asar da isha raka'a biyu-biyu. In kun yi niyyar zama a gari ɗaya kwana huɗu cikakku sai ku cika, in ƙasa da haka ne ku ci gaba da kasaru.

Maganar rana ita ce babba, kuma hanyar taku kashi biyu ce. A Oslo da Trondheim rana tana faɗuwa a Yuni, sai dai a makare, kuma jan shafaƙi ba ya ɓacewa har gari ya waye. To nan magariba sai ranar ta faɗi ko da sha ɗayan dare ne, ba a ƙaddara abin da ido ke gani. Isha kuma ku haɗa ta da magariba, ku matafiya ne dama an yi muku rangwame, ku samu ku kwanta.

Da kun wuce layin Arctic, wato iyakar yankin da rana ke daina faɗuwa, a kan titin E6 lamarin ya canja, a Tromso daga wajen 20 ga Mayu har bayan tsakiyar Yuli rana ba ta nitsewa sam. Wasu sai su ce ai tunda babu faɗuwar rana babu magariba, wannan kuskure ne babba kuma ina jin tsoronsa ga matasanmu. A hadisin Nawwas bin Sam'an da Muslim ya ruwaito, da Annabi (SAW) ya ba da labarin ranar Dujal mai tsawon shekara, sahabbai suka tambaya ko sallar yini ɗaya za ta ishe su, ya ce a'a, ku ƙaddara mata lokacinta. Kenan salla biyar a kowace awa 24, babu wadda ta faɗi. Azahar ba ta da wuya don ranar tana hawa tana gangarowa, zawali na zuwa wajen ƙarfe ɗaya, la'asar ma ana gane ta. Magariba da isha da asuba ne ake ƙaddarawa. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta ce a bi gari mafi kusa da ake rarrabe dare da rana, wasu malaman suka ce a bi lokacin Makka, kuma da yawan Musulman Tromso na Makkan suke bi. Ni abin da nake ba ka shawara, bi jadawalin masallacin garin, akwai Alnor a Tromso, ka tsaya a kansa har ku dawo kudu. Kar yau ka bi wannan manhajar lokutan salla gobe waccan don neman wadda ta fi sauƙi.

Alƙibla a can kudu maso gabas ce, kar sabo ya sa ka fuskanci gabas kamar a Kano. Farilla kuma ba a yin ta a kujerar mota haka kawai, wuraren tsayawa suna da yawa a hanya, ku sauka ku shimfiɗa darduma, in kuna cikin jirgin ruwan da ke tsallakar da motoci ku yi a tsaye in hali ya yi. Ga sanyi ko a Yuni, ka sa huffi bayan alwala ka riƙa shafa, hadisin Aliyu ya ba matafiyi kwana uku.

Inshorar da doka ta wajabta a kan motar haya ba ka da laifi a kanta tunda ba za a ba ka mota sai da ita. Motar kuma amana ce a hannunka, duba ta ka ɗau hoto kafin ka karɓa, in ka goga ta da wani abu ka faɗa, kuɗin titi da na jirgin ruwa ka biya kar ka nemi dabara. Ka shiga ƙasarsu da izini, izinin nan alkawari ne, dokar hanyarsu ta hau kanka: yawanci gudun 80 ne a wajen gari, fitila a kunne dare da rana, ga barewarsu da tumaki suna faɗowa titi ba sallama.

Abin da ya fi damuna shi ne barci. Hasken nan yana yaudara, mutum zai ga rana tarwai ya ɗauka da sauran lokaci alhali ɗayan dare ta yi, ga hanyoyi siraran masu lanƙwasa a gefen duwatsu da ramukan ƙarƙashin dutse masu tsawo, ga matarka da yara a mota. Tuƙi da gyangyaɗi jefa rai ne cikin halaka kuma bai halatta ba. Sa wa kanka lokacin ajiye mota, da kun yi magariba da isha ta ƙaddarawa a kwanta, ku tafi da abin rufe ido ko labule mai kauri.

Abinci kuwa ku yi hattara da naman da ake sawa a burodi a gidajen mai, yawancinsa da alade a ciki. Ku yi guzuri daga shagunan halal na unguwar Gronland a Oslo, a hanya kuma kifi ya ishe ku, ƙasar kifi ce.

Wallahu a'alam.